Shekarar da Aka Sa Mini Suna Mai Makara

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, wannan babin na rubuta shi ne saboda katakon nan da ke jingine a zaure, wanda jikata Sadiya ta ce a ba masu shara ranar da aka yi wa gidan fenti. Ban yi mata faɗa ba, don ba ta sani ba. Na kuma rubuta shi saboda sunan da kuka taso kuka ji ana kirana da shi a tasha, Sabo Mai Makara. Duk abin da ake gaya muku ya dawo kunnena. Wasu sun ce gawa nake ɗauka a motata, wasu sun ce wani malami ne ya ba ni katakon don tsarin hanya, wasu kuma sun ce mun daina magana da Baffanku Iliyasu saboda gadon gidan nan na unguwar Kwararafa. Duk ƙarya ce, sai dai ta ƙarshen tana da ɗan ƙamshin gaskiya, don na yi wata da watanni ina gudun ɗakinsa. Amma ba gida ba ne a tsakaninmu. Tambaya ce guda ɗaya tal: ni ne na gurgunta ƙanina da hannuna, ko ba ni ba ne? Zan faɗa muku abin da na sani. In kun gama karantawa kun gane, to wallahi kun fi ni.

Ni direba ne, wannan kun sani. Jos zuwa Vom, Vom zuwa Jos, ta Bukuru da Kuru, har ta kai ko an rufe mini ido zan faɗa muku ramin da muka faɗa. A zamanin ina da suna guda a hanyar nan: in an yi hatsari, Sabo ba ya wucewa. Wasu direbobin kawar da kai suke yi su ƙara wuta, don tsoron tambayoyin 'yan sanda. Ni kuwa burki nake takawa. Kuma muna da yadda muke yi, wanda ba wanda ya koya mana, tasowa muka yi muka tarar ana yi, Musulminmu da Kiristanmu. Mutum uku ko huɗu, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a ɗaga da sauri. A zaunar da shi a kujera, a yayyafa masa ruwa, a ɗura masa ya sha, a riƙa jijjiga shi ana kiran sunansa kada ya rufe ido. Ba ma taɓa barin mai rai ya kwanta a miƙe. A wurinmu miƙewa ta gawa ce, wanda ka bari ya miƙe kamar ka sallama shi ne. Na ɗauki mutane da yawa a haka, kuma ina alfahari da abina.

Baffanku Iliyasu ƙanina ne ciki ɗaya. Ku a kan keken guragu kuka san shi, amma ni na san shi yana tsallake kwatar ƙofar gida da tsalle ɗaya don tsabar rashin haƙuri. Tela ne, ƙafarsa ba ta sauka daga kan keken ɗinki, bakinsa kuma ba ya hutawa da tsokana. Wata rana da damina ya hau babur ya kai ɗinkin anko Vom. Ni kuma na taso daga can da cikakken lodi bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, kwalta tana sheƙi. Muna wuce Kuru kaɗan na hango taro a gefen hanya da wata tifar yashi a karkace. Na tsaya kamar yadda na saba. Ba fuskarsa na fara gani ba, hularsa na gani a cikin kwata, wadda ni na saya masa da Sallah. Daga nan ban san wa ya buɗe mini ƙofa ba. Yana kwance rigingine a kan ciyawa, rigarsa ta jiƙe da jini ta gefen ciki, idonsa a buɗe yana kallon sama. Na ture mutane na kama shi ta hammata, wasu biyu suka kama ƙafafu, muka ɗaga shi tsakiyarsa tana lilo. Na sauke fasinjojina a bakin hanya ko haƙuri ban ba su ba, na zaunar da shi a kujerar gaba kusa da ni. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a ƙirjinsa na tokare shi kada ya zame, ina faɗa wa ramuka ba ji ba gani.

"Iliya, zauna da kyau! Kar ka kwanta mini! Iliya, buɗe idonka, kana ji na?"

Haka na yi ta yi har asibiti. Aka shiga da shi tiyata aka tsayar da jinin, aka ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Ya rayu. Amma daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake jin komai ba. Aka ce lakarsa ce ta taɓu, wato jijiyar nan da ke cikin ƙashin baya. Unguwa ta ɗauka, Sabo ya ceci ƙaninsa. Inna, kakarku, ta dafa kaina ta yi ta sa mini albarka har muryarta ta dishe. Ni ma na yarda, har daɗi nake ji a faɗa a gabana. Muka kwashe shagonsa muka dawo da shi ɗakin da ke kusa da rijiya, aka canza masa keken ɗinki zuwa na hannu. Kullum na tashi daga aiki ɗakinsa nake fara shiga da gasasshiyar masara mai zafi, mu ci, ya yi ta kushe tuƙina yana cewa jaki ya fi ni sanin hanya. Shekara bakwai muna haka.

A ta takwas ne wani dogon mutum ya fara zuwa tasharmu da littafi a hammata. Ɗan asalin nan yankin Jos ne, daga wani ƙauye bayan Vom, likitan tiyata na waɗanda aka kwaso daga hatsari, kuma yana koyar da ɗalibai. Ba zan rubuta sunansa ba don ban nemi izininsa ba, mu dai Dogon Likita muke ce masa. Da farko mun zaci hukuma ce ta turo shi leƙen asiri. Sai muka ga ya zauna a bencin mai shayi yana shan ruwan bunu da mu, yana Hausarsa irin ta mutanen nan, mace da namiji duk ɗaya. Ya ce shi a asibiti ƙarshen labari kawai yake gani, yana so ya ji farkonsa: wa ke ɗaukar mutum daga kan kwalta, ta ina ake kama shi, a ina ake ajiye shi. Ciyaman ɗin tasha ya nuna ni ya ce ga gwanin can. Kai, ranar na zuba! Na kama wani kamasho ta hammata na nuna yadda ake ɗagawa, tasha ta yi ta dariya. Na ba shi labarin Iliyasu tiryan-tiryan, har da ramukan ban rage ba. Yana ta rubutu, can ya ɗago.

"Oga Sabo, lokacin da ka same shi, ƙafansa yana motsi?"

"Haba Likita! Wa ya tsaya duba ƙafa, mutum yana zubar da jini?"

"Gaskiya ne," ya ce.

Ya kalle ni, sannan ya rufe littafin. Na lura bai ƙarasa shayinsa ba, amma ban kawo komai a raina ba.

Bayan wasu watanni ya dawo da ɗalibansa da a-kori-kura cike da katakai, kowanne tsawon mutum, da ramukan sa hannu a gefe da igiyoyin ɗauri. Aka tara mu a ƙarƙashin rumfa. Ya ce ya zaga tashoshi, ya zauna da majinyata da danginsu, ya haɗa abin da muka faɗa da abin da yake gani a ɗakin tiyata, kuma abu ɗaya ne yake ta maimaita kansa. Sai ya sayi rake a wurin mai baro, ya buga shi a gwiwa har ya tsage amma bai rabu ba.

"Wannan shi ne bayan mutum bayan hatsari," in ji shi. "Ya tsage, amma zaren ciki bai tsinke ba. In na kwantar da shi a katako na ɗaure, haka zai kai asibiti. Yanzu ku duba."

Ya kama bakin raken nan da can, ya bar tsakiyar tana lilo, sannan ya lanƙwasa shi kamar mai zama a kujera. Ƙas! Raken ya rabu biyu. Ya ce ba zargi ya kawo ba, ya ce mu ne likitocin farko, da ba don mu ba da yawa ba za su kai hannunsa ba. Ya nuna yadda mutum ɗaya zai riƙe kai, sauran su mirgina jiki gaba ɗaya, kuma kada a ba da ruwa. Direbobi suka kaure da musu. Ni ban ji ko ɗaya ba. Lilon tsakiyar raken nan kawai nake gani. Aka zo layina na lodi, sai da aka kira ni sau uku.

Kwana huɗu na daure, na biyar na ajiye mota na bi shi asibiti. Na zauna a benci tun hantsi har ya fito daga tiyata da koriyar rigarsa.

"Likita, tsakaninka da Allah. Ni na kashe wa ƙanina ƙafafu?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Oga Sabo, ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba? Kai ne fa ka tsaya gaban jama'a ka karya rake!"

"Aikina yana magana a kan mutane da yawa ne, ba mutum ɗaya ba. Zan iya ce maka in an daina ɗaukan mutane haka, waɗanda za su tashi da ƙafansu za su ƙaru. Amma ƙaninka, wataƙila tifan ya gama aikin kafin ka zo. Wataƙila bai gama ba. Kuma da ba ka yi gudu ba, jini zai iya kashe shi a wurin. Babu hoton da zai nuna mini wannan yanzu."

"To ceto na yi ko cuta?"

"Zai iya zama duka biyu."

Ku ji fa! Mutum ya yi karatu har gashinsa ya fara fari, ya zo ya rushe mini shekara bakwai da rake ɗaya, sannan in tambaye shi ya ce bai sani ba. Na fito kaina a kulle. Sau uku ina zaga filin ajiye motoci ina neman motata, kafin na tuna a tasha na baro ta.

Katakan kuwa ba su yi kasuwa ba. Tun ranar Ciyaman ya kalle su ya ce, "Wannan ai makara ce, Likita dai bai san fasinja ba." Cikin mako biyu ɗaya ya zama teburin mai shayi, ɗaya ana buga dara a kansa, wani ya kai nasa gida ya yi ƙyauren akurkin awaki. Ni na ɗaure nawa a cikin mota ta gefen kujeru. Kada ku ce don na fi su hankali ne. Ni kaina ban san dalili ba. In na ajiye shi, kamar na ce Likita ƙarya yake, alhali na ga raken da idona. In na ɗauka, kamar na amsa laifi a gaban kowa. Na rasa wanne ya fi sauƙi, sai na bar shi inda yake. Washegari wata tsohuwa mai kwandon tumatir ta sa ƙafa ɗaya a mota, ta hango shi, ta tsaya.

"Ɗana, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Mama."

"To wa kake jira ya mutu?"

Ta janye ƙafarta ta sauke kwandonta, mutum uku suka bi ta. Kafin azahar sunan ya kama ni. 'Yan kamasho, marasa mutuncin nan, suka riƙa ihu, "Vom, Vom! Motar Mai Makara, saura mutum ɗaya!" Fasinja ya gwammace ya jira mota ta gaba ruwa yana dukansa. Na sha tashi da rabin lodi, wani lokacin da buhunan kaya kawai.

A gida ma ban tsira ba. Ranar da na shigo da katakon don in wanke, Inna ta gan shi daga kan tabarmarta ta saki salati.

"Sabo, ni ce tsohuwar gidan nan. Ni kake wa shiri? Fitar mini da abin nan!"

Mahaifiyarku Hajara kuwa sai da ta kawo mini ruwan alwala sannan ta yi mini maganar.

"Malam, ni katakon bai dame ni ba. Ɗakin Iliya da ka daina shiga shi ya dame ni. Jiya ya tambaye ni ko wani laifi ya yi maka, ko kuwa ka gaji da ɗawainiyarsa ne. Me zan ce masa?"

"Ki ce aiki ne ya yi yawa."

"Wane aiki? Motar da ke tashi ba kowa?"

Gaskiyarta. Masarar ma ita nake ba wa ta kai masa. In zan wuce tagarsa sunkuyawa nake yi kamar ɓarawo a gidana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne keken ɗinkinsa. Da na yi sallama a zaure sai in ji ƙarar ɗinkin ta tsaya. Yana jira. In na wuce na shige ɗakina, sai can in ji ta ci gaba a hankali. Ina son in shiga, amma in na shiga in kalli ina? Ƙafafun nan da suka ƙanƙance a ƙarƙashin zane? In ba shi haƙuri, a kan abin da ban tabbata na yi ba? In yi shiru in ci masara, a kan abin da wataƙila na yi? Na rame, na daina hira, sau biyu ina wuce mahaɗar Kuru da fasinjan da ya ce zai sauka a nan.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen damina, na iske wani manomin kabeji ya faɗo daga saman lodin babbar mota a wata kwana kafin Vom. Danginsa sun riga sun kama hannu da ƙafa za su ɗaga. Ban san lokacin da na daka musu tsawa ba, na ce kada wanda ya taɓa shi. Na ruga na kwanto katakon. Matarsa tana ganinsa ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Wani ƙato ya ci kwalata har maɓalli ya tsinke.

"Bai mutu ba kake kawo mana makara? Kai wane irin mugu ne?"

Na fizge na durƙusa a kan mutumin na ce, "Baba, motsa mini babban yatsan ƙafarka." Ya motsa. Na ce, "Kun gani? In kuna so gobe ma ya motsa shi, ku yi abin da na ce." Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na riƙe kansa, suka mirgina shi gaba ɗaya, muka ɗaure, muka kwantar da kujeru muka shimfiɗa shi. Na riƙa kauce wa kowane rami kamar mai ɗauke da kiret ɗin ƙwai, matarsa tana bayana tana zagina da yarensu da Hausa wai tafiyar hawainiya nake yi.

Bayan wata uku sai ga mutumin nan a tasha, a kan ƙafafunsa, da sanda, an biyo shi da buhun dankali wai nawa ne. Tasha ta ruɗe da sowa. Ciyaman da kansa ya je ya ƙwato katakonsa daga wurin mai shayi. Kowa yana ba ni hannu. Ni kuwa na zagaya bayan rumfar masu faci na zauna a kan tsohuwar taya na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Duk takun da mutumin nan ya yi, Iliyasu nake gani yana tsallake kwata. Dogon Likita ya zo ya same ni a nan, na ce masa to yanzu ai magana ta fito. Ya girgiza kai ya ce wannan ma ba zai rantse katakon ne ba, wataƙila tsagewarsa ba ta kai ta Iliyasu ba. Na rantse muku, da ba don girmansa ba da na kai masa hannu.

Ranar Juma'ar makon, na dawo daga masallaci na tarar da Iliyasu ya gindaya kekensa na guragu a tsakiyar zaure, tef ɗin awo a wuya, katakon a jingine kusa da shi. Ashe ya sa Hajara ta kwanto masa shi daga mota.

"Yaya, yau sai dai ka tsallake ni."

Na tsaya a bakin ƙofa, ya ci gaba.

"Labarin rake ya zo har ɗakina tun ranar. Kana tsammani masu kawo ɗinki ba su da baki? Tambayar da ka kai asibiti ni ke da amsarta, ka wuce ni ka kai wa baƙo. Zauna ka ji. Ina kwance a ciyawar nan ina jin ruwa ya shiga takalmina sau-ciki na hagu, sanyi ƙarara. Har haushi nake ji, sabon takalmi. Da muka faɗa babban ramin nan na gaban gada, sanyin ya ɗauke. Bai sake dawowa ba."

Na sulale a jikin bango na zauna a ƙasa.

"Tsaya mana, ban gama ba. Ni na ce ka ɗaga ni. Na ce, Yaya, kar ka bar ni a ƙasa kamar gawa mutane suna kallona. Ka manta?"

Ban tuna ba. Har yau ban tuna ya buɗe baki a wurin nan ba. Amma na gyaɗa kai.

"To ka gani, ni da kai muka yi, da rashin saninmu. Rabonka na yafe tun ina gadon asibiti. Kai ma ka yafe mini nawa, ka dawo mini da masarata, wadda Hajara ke kawowa kafin ta iso ta huce." Ya miƙo mini bakin tef ɗin. "Riƙe nan. Ku direbobi kanku a taya yake. Wa ya taɓa ganin makara da atamfa?"

Kwana biyu ya yi yana juya keken hannunsa. Ya ɗinka wa katakon riga da ragowar atamfar anko, ja da ruwan ɗorawa, ya sa siririn soso da leda a ciki, ya fitar da igiyoyin ta gefe. Ranar da na mayar da shi mota, tsohuwar nan mai tumatir ta shiga ta jingina kwandonta da shi ko kallo bai ishe ta ba. Direbobi suka riƙa kawo nasu ɗaya bayan ɗaya har Kwararafa. Dogon Likita ya zo gidan nan takanas ya durƙusa a gaban keken Baffanku, ya ce duk karatunsa bai hango wannan ba. Ya ɗauki hoto ya sa a rubutunsa. Daga baya ya zama farfesa, aka ce ana karanta aikinsa a wasu garuruwan har da ƙasashen waje, kuma na ga katako mai rigar atamfa da idona a wata tasha da ban taɓa lodi a cikinta ba. An ce labarin direban da ya zaunar da ƙaninsa a kujerar gaba yana ciki, ba suna, ɗalibai suna karantawa don su san abin da ba a yi. Ban san ko in yi alfahari ko in ɓoye fuska ba. Abin mamaki dai, tun ranar zauren nan barcina ya dawo. Laifin yana nan, amma na san nawa ne, kuma an yafe. Sunan ne kawai ya ƙi tafiya.

Shekaru suka wuce a haka, har safiyar da Allah ya karɓi Baffanku, manyanku kuna tune. Muna jiran a kawo likkafani, ina zaune a bakin rijiya, Hajara ta zo ta tsaya kusa da ni. Ban taɓa ba kowa labarin abin da ya faɗa mini a zaure ba, sai ranar ya kuɓuce mini. Na ba ta har maganar ruwa a takalmi. Ta dube ni.

"Wane takalmi sau-ciki, Malam? Silifas ne a ƙafarsa ranar. Ni aka kawo wa kayansa daga asibiti, ni na wanke. Kuma ya sha gaya mini, daga lokacin da ya ji ƙarar tifa bai san komai ba sai da ya farka bayan tiyata."

Kun ji inda na tsaya har yau. In gaskiyar Hajara ce, kuma ban taɓa kama ta da ƙarya ba, to Iliyasu bai san amsar ba shi ma. Ya ga rashin sani yana kashe ni, ya san in ya ce ba ni ba ne ba zan yarda ba, sai ya ɗinka mini labarin da zan iya sawa, ya raba laifin biyu ya ɗauki rabi. Wanda zan tambaya kuwa yana ciki ana yi masa wanka.

Aka gama, aka sa shi a likkafani, aka shigo da makarar masallaci, ta gaskiya, aka ajiye a tsakar gida. Maza suka sunkuya, wannan ya kama ta kafaɗa, wancan ta ƙafa, za su ɗaga. Sai na ji muryata ta cika gidan.

"Ku tsaya! Ni zan riƙe kan. Ku sa hannu a ƙarƙashin bayansa. Gaba ɗaya za mu ɗaga, kada tsakiyarsa ta yi lilo."

Kowa ya tsaya yana kallona. Liman ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, "Malam Sabo, ai yanzu ba ya ji."

Na ce, "Na sani, Malam."

Amma ban saki kan ba. Suka jera hannuwa a ƙarƙashinsa, na ƙirga uku, muka ɗauke shi a miƙe sambal, yadda ya kamata in ɗauke shi a bakin hanyar Kuru.